Rasuwar Zabiya, Mai Kiran Dila

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Malam Bawa mai turare na kasuwar Bab Makka a Jidda yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na Jidda da na Makka, rasuwar muryar da ba a taɓa jin irinta ba tsakanin Bahar Maliya da duwatsun Hijaz, wato usur ɗinsa na kiran dila, wanda ya raɗa wa suna Zabiya. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tafin hannun mai ita, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar ba 'yar nan ba ce. A jirgin ruwa ta zo, cikin aljihun wani Ba'amurke mai aikin gini a tashar jiragen ruwa, a shekarar da aka fara ganin talabijin a garin nan. Jikinta jan katako ne mai santsi, tsawon ɗan yatsa, da wani siririn harshe a ciki. A ƙasarsu, in ji mutumin, da irinta ake yaudarar dilolin can su fito fili. Ya shigo shago neman tsarabar matarsa, ya fita da kwalbar almiski, ya bar Zabiya. Ta bakin tafinta ya faɗi ka'idojin farawa: ka jingina da itace, ka bar motsi, ka busa kamar zomon da aka cafke, sannan ka kula da inda iska ke kai warinka, don dila da hanci yake gani. Malam Bawa ya riƙe uku na farko. Na huɗun kuwa ya ɗauka ba da shi ake ba, domin tun da yake ba a taɓa samun wanda ya koka da ƙanshinsa ba.

Duk wanda ya ji muryarta ba zai manta ba. "Waaa! Waaa! Wa-a-a-a..." Haka take farawa da ƙarfi, ta ƙare da rawar murya, kamar mai roƙon a yi masa rai. Ranar da aka fara gwada ta a Bab Makka, mata masu sayen yadi sun watsar da ciniki suna neman jaririn da aka taka, kuliyoyin kasuwa suka taru a bakin shago, wani askari kuma ya zo ya tambayi Malam Bawa iƙamarsa, wato takardar izinin zama.

Ta kasance mai haƙuri, marar ci, marar sha, ba ta taɓa yin magana ba sai an nemi ta yi. Kowace Juma'a bayan asuba, ranar da ba a buɗe shago da safe, Malam Bawa kan rataya ta a wuya, ya saɓa bindigar da kafilinsa Saleh, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, ya ara masa, ya nufi fakon da ke bayan unguwarsu ta Khumra, inda gidajen langa-langa suka ƙare, ƙaya da yashi suka fara. Kuma da yake Juma'a ce, shi kuma mai turare ne ɗan mai turare, ba ya fita sai ya turara rigarsa da oud, ya shafa almiski a gemu, ya ɗiga ambar a bayan kunne. Uwargidansa Dela, wadda ke kiwon kaji a bayan gida, ta taɓa ce masa, "Malam, da ka bar turaren nan har ka dawo. Daji fa za ka, ba ɗaurin aure ba." Ya dube ta ya ce, "In fita ran Juma'a ba turare? Ni Ubale ne?"

Ubale ƙanin Dela ne. Aikinsa sauke ragunan Sudan daga jirgi a kai su garke, kuma mutum ne da ake sanin ya shigo unguwa kafin a ji sallamarsa.

A cikin Juma'o'in nan masu yawa, Zabiya ta kira jaki ya amsa. Ta kira hankaki sun zo. Ta kira wata tsohuwa Badawiya da sanda a hannu, wadda ta yi wa Malam Bawa addu'o'in da ba za a rubuta su cikin sanarwar ta'aziyya ba. Dila dai bai zo ba. Malam Bawa bai taɓa zargin marigayiyar ba a lokacin. Cewa yake yi dila malamin daji ne, ba a gayyatar malami da gaggawa.

Gaskiya ta wajaba ko a kan mamaci, don haka dole a ambaci abin da ya faru wata Juma'a bayan babbar salla. Ubale ya nace sai ya bi shi, wai zai riƙe masa butar shayi. Da rana ta fara ɗagawa, Malam Bawa ya cire Zabiya ya ajiye a kan darduma, ya ɗauki bindiga ya haura wani tudu mai nisa don ya duba sawu. Yana can sama sai ya ji ta. "Waaa! Waaa!" Muryar da ya sani, a bakin wani. Kuma ba a busa ta bisa ka'ida ba. Ubale na kwance ne rigingine, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana wasa. Sai ga dila ya fito daga cikin ƙaya, kunnuwa a tsaye, yana sassarfa kai tsaye wajen Ubale kamar wanda uwarsa ta kira cin tuwo.

Bindiga na hannun Malam Bawa, dilan kuma na fili. Ya ɗaga, ya auna. Sai ya tuna cewa in ya harba, har abada za a ce shi ya harbe amma Ubale ya kira. Ya sauke bindigar a hankali. Dilan ya sunsuna iska, ya juya ya dubi tudun, ya yi atishawa, ya koma inda ya fito.

"Yaya Bawa! Ka gani? Wallahi ka gani?" Ubale ke nan, yana tsalle. "Busa ɗaya! Yaya, ai matar nan ba ta ƙi magana ba, miji ne ba ta samu ba!"

"Ban ga komai ba," in ji Malam Bawa. "Kare ne. Yalla, naɗe darduma."

Kafin mako ya zagayo, babu mai shan gahawa a Balad, tsohon garin Jidda, da bai ji labarin ba. A bakin Ubale dilan ya zama biyu, ya zama garke, har aka kai ga wani daga cikinsu ya ɗora masa kai a cinya. Mutane suka riƙa tsayawa a shago, su sayi turaren riyal ɗaya, su ce, "Malam, ina usur ɗin Ubale?" Wannan kalma ita ta fi yi wa Malam Bawa ciwo. Shi ya ɗauke ta, shi ya yi mata maɗauri na siliki, shi ya sha rana da ita, amma ta buɗe zuciyarta ga mai warin raguna. Ya wanke ta da ruwan wardi har sau ba adadi. Ya hana Ubale ko kallonta. Ya kuma yi rantsuwa cewa sai dila ya amsa masa, shi da numfashinsa, ko da sau ɗaya ne. Ya daina jiran Juma'a. Kullum bayan asuba sai ya zagaya bayan gida, kusa da akurkin Dela, ya fuskanci fako, ya busa har wuyansa ya kumbura, sannan ya shiga motar da ke kai shi Bab Makka, ƙanshinsa na biye da shi.

Ciwon ajali ya soma ne ranar da Ubale ya ce a gaban jama'a, "Ku bar Yaya ya yi ta fama. Harshenta ni ya sani." Malam Bawa ya koma gida, ya zaro harshen da tsinke, ya kankare shi da reza don ya manta da wanda ya sani, ya jiƙa shi da man oud don ya san na gida. Da aka mayar, muryar ta dushe. "Hyaa... hyaa..." Ya ƙara kankarewa. Washegari abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Fff." An garzaya da ita wurin Usuman kafinta a Balad, wanda ya ɗaga ta a hasken taga, ya sunsuna, ya ce, "Halas, ya Malam, ta ƙare. Wa ya yi mata wannan aika-aika?" Malam Bawa ya ce mai yiwuwa baki ne.

Ta rasu ta bar mai ita, wanda har yau dila bai amsa masa ba a saninsa. Ta bar maɗaurin siliki, da akwatin audugar da take kwana a ciki, da bindigar Saleh wadda za a mayar da harsashinta cif kamar yadda aka karɓa. Ta bar dilolin Khumra, dukkansu cikin ƙoshin lafiya, wasu ma sun yi ƙiba. Ubale ba ya cikin magada. In ya zo, ana roƙonsa ya zauna ta inda iska ba ta biyowa, kuma kada ya ba da labari.

Za a binne ta ranar Alhamis bayan la'asar, a gindin magaryar bayan gida, inda ta yi kiranta na ƙarshe. Za a karɓi gaisuwa tsakanin magariba da lisha. Akwai gahawa da dabino, akwai shinkafa da kaza.

Game da kazar, masu zuwa su yi haƙuri da abin da ya samu, don guda ɗaya ce. A da akurkin Dela cike yake. Amma tun da aka fara busa a bayan gida, kullum da zarar motar Bab Makka ta tashi, iska ta share ƙanshin oud, sai dila ya fito daga fako, kunnuwa a tsaye, yana neman zomon da aka yi masa alkawari. In bai samu zomo ba, ba ya komawa hannu rabbana. Maƙwabciyarta Mastura ta ce, "Ke Dela, ki faɗa masa mana! Ai daɗi zai ji, kiransa na ci." Dela ta ce, "In ce masa suna zuwa, sai ya ce yaushe. In ce sai ka tafi?" Saboda haka ta gaya masa zafin bana ne ke kashe kaji, shi kuma ya ce lallai bana an yi zafi.

Wadda ta rage ɗin, farar, ita ce mai yi mata ƙwai. Da Malam Bawa ya ce bai kamata baƙi su tashi da baki busasshe ba, Dela ta miƙe. Ta ɗora ruwan zafi, ta aika a kira Ubale ya zo da wuƙarsa.