Fatar da Na Shanya a Ƙyaure

Ni da nake koyar da kimiyyar sinadarai a Daura, wai jimar fatar rago ce za ta gagare ni? Bayan layya na yi wa surukina alkawarin gafakar Alƙur'ani, na rantse ni zan jeme fatar da hannuna. Na jiƙa ta a ruwan bagaruwa, ta fito fes, na shanya ta a ƙyaurenmu na ƙarfe, ga shi damina ce.

Matata ta ce, "Malam, ga igiya fa."

Na ce, "Ke dai bar wa masana aikinsu."

Aka yi yayyafi. Danshi ya haɗa tsatsa da bagaruwa, haɗin da kullum nake gaya wa ɗalibai cewa baƙin launi yake bayarwa. Ina ɗaga fatar sai ga zanen ƙyauren baƙi ƙirin, har da tauraron da mai walda ya yi. Ban karaya ba, na dirje da ruwa. Baƙin ya bazu, tauraron ya ƙi fita. Na ƙara ruwa.

Haka baduku ya ɗinka ta. Har yau duk wanda ya tambayi surukina gidana, sai ya ɗaga gafakar ya ce, "Nemi ƙofa mai wannan zanen."