Rijiyar Malam Talle

"Lahiya lau, amarya. Sai yau kinka tuna kina da miji?"

"Wane miji? Mai haƙori ukku? Ni wurin akwati na zo."

Haka Nasiratu ta amsa wa kakanta Malam Talle, tana buɗe kwamfutarta a kan tabarma. Ita aikinta haɗa intanet a ofisoshin Tahoua. Shi kuwa tsohon makiyayi ne daga Takanamat, ciwon gwiwa ya zaunar da shi birni. Ɗansa Ma'azu da ke Abidjan ya sa aka kafa masa akwatin wifi don su riƙa ganin juna. To gobe da safe sunan ɗan Ma'azu, kuma takwara za a yi wa tsohon, ga shi kwana shida duk kiran da aka yi sai hoto ya daskare. Kunnen jaririn kaɗai ya taɓa gani. Abin yana cin ransa ƙwarai, bakinsa ne ba ya faɗa.

Nasiratu ta shiga saitin akwatin, ta duba jerin wayoyin da ke haɗe, ta ɗago kai.

"Tsoho, waya arba'in da ukku. Mata nawa ka aje ban sani ba?"

"Ke ɗaya ma kin ishe ni wahala. Maƙwabta ne."

"Wa ya ba su kod?"

Kod ɗin, wato lambar sirrin shiga, yana nan rangaɗau da gawayi a bangon zaure, shi ya sa aka rubuta don a daina tashinsa daga barcin rana. Ni mai ba ku labarin nan, kada ma ku tambaye ni ko wayata tana cikin jerin.

Ta ce abin mai sauƙi ne: za ta canja kod, ta ɓoye sunan rezo, wato layin wifi ɗin da wayoyi ke gani, ta hana kowace waya shiga sai tasa. Tsoho ya tashi zaune.

"Shekara talatin ina da rijiya cikin daji, ban taɓa hana mutum guga ba. Yanzu da tsuhwana a ce Talle ya yi rowar abin da ko ganinai ba a yi? Rowar gidan ubanki kinka kawo mini."

"To gobe ka gaida kunnen takwaranka."

Wannan ta shige shi. Ya shiga murza carbi, ita ma ta ga zolayar ta taɓa inda ke ciwo, sai ta sassauta. Ta tambaye shi, a can daji in baƙo ya iso da raƙuma shanunsa ba su sha ba, yaya ake yi.

"Mai rijiya shi ka hwara shayarwa. Baƙo shi jira, a zuba mishi ruwa ga komin shayarwa nai daban. Amma ba a korar shi."

"Ashe tsuhwa bai cinye kanka duka ba. Haka za mu yi."

Ta buɗe wa maƙwabta rezon baƙi daban, da kod ɗin nan na bango, ta yanka musu kason da ba za su wuce ba. Wayar tsoho ta sa ta a gaban layi, duk lokacin da ya kira ita ce mai fara sha. Da aka zo sa wa nasa rezon suna, ya ce ta rubuta Angon Nasiratu. Ta ce to, ta rubuta Haƙori Ukku, sunan da har yau duk unguwa ke gani a wayoyinsu.

Sannan ta kira Ma'azu da wayar tsoho don a gwada. Hoto ya fito tar, ga jariri a cikin zane yana hamma. Malam Talle ya kawo wayar har bakin hancinsa, ya ƙura wa jaririn ido. Murna ce ta cika shi, har sai da ya goge ido da gefen rawani.

"Kin gani ko? Hancina ne sak. Ba irin naku mai kama da an taka ba."

"Har bakin naka ne. Haƙori ukku kawai ka hi shi."

Tsoho ya yi dariya har da tari. Ya laluba ƙarƙashin matashi, ya jawo cuku biyu da aka aiko masa daga Takanamat, ya miƙa mata.

"Amshi, kin ci ni. Amma kada ki ce don aikinki ne. Tamnawa ce ba ni iyawa."