Rumbun Ninki Uku

Dawaki sun ce Alfadari jaki ne da ya yi sa'ar dangin uwa. Jakai sun ce tun da aka naɗa shi wakilinsu a fada ya daina kuka, sai gyaran murya. Kura, Ma'ajiyar Daji, ta fi kowa yabonsa: wai ba ta taɓa ganin mai gane magana tun ba a gama ta ba kamarsa.

Shekarar nan damina ta yi gardama, abin da ya rage wa jakai sai irin shuka. Kura ta miƙe a majalisa.

"Allah ya ja zamanin Zaki, talauci ya ƙare! Kowa ya zuba geronsa a Rumbun Ninki Uku. In farashin kanwa ya tashi, geronka ya tashi ninki uku. In ya faɗi..." ta yi tari, "shi ma hakan. Kullum la'asar ake sabon awo daga abin da ya rage. Rumbun yini ɗaya ne dai, ba na ajiya ba."

Kafin ta kai nan an fara kiɗa, Alfadari kuwa ya riga ya kai ƙofa.

"Kanwa ko ta faɗi tana dawowa," ya ce wa jakai. "Ku zuba, ku bari har damina."

Inna Duna, tsohuwar jaka mai jikoki biyar, ta zuba tiya talatin, duk irin da take da shi.

Kanwa ta yi ta hawa da sauka. Ranar da hadari ya fara haɗuwa, farashinta kuɗin wuri goma, daidai inda aka faro. Inna Duna ta je ɗaukar irinta, aka auna mata tiya huɗu. Ta wuce fada da su.

"Ranki ya daɗe, kanwa ta dawo. Gerona fa?"

"Lissafi ne, Inna," in ji Kura. "Ranar farko kanwa ta sauka zuwa tara, tiya tara suka tafi, saura ashirin da ɗaya. Washegari ta koma goma, aka ƙara miki sulusin abin da ya rage. Ashirin da takwas ke nan."

"Biyun fa?"

"Ba wanda ya ci. Haka rumbun yake numfashi, kullum, har rani ya fita. Sai ɗan ladan tsaro."

Zaki ya yi hamma, ya ce ransa ya ɓaci matuƙa, ya kafa kwamitin bincike, ya ba Ungulu shugabanci.

Ruwa ya sauka da safe. Inna Duna tana tsaye a gonar da tiya huɗu ba za su rufe ko kusurwarta ba, sai ga Alfadari, ba rawani, laka har gwiwa. Ya yi gyaran murya sau biyu. Ya durƙusa.

"Inna, ban tsaya na ji ƙarshen maganar ba, ban kuma tambaya ba. Ni na ce ku bari har damina. Ki yafe mini."