Yadda Za Ka Ɓoye wa Surukinka Wake a Tukunyar Chili

Idan 'yar Texas ka aura, kuma larura ta kai ka ga zuba wake a tukunyar chili, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannu nagari. Ni ce Petra. Tun kafin a yaye ka nake dafa chili, miyar namanmu mai barkono, a unguwar yamma ta birnin San Antonio, kuma ga alkawarina: ka bi matakan nan yadda na jera su, surukinka zai suɗe kwano tas bai san abin da ya shiga cikinsa ba. Dabarar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sau ɗaya aka gwada ta, a gidan maƙwabcina Lonnie, abin da ya faru kuma laifin Lonnie ne.

Mataki na 1: Ka san girman laifin da za ka aikata

Chili a wajenmu naman sa ne, da busasshen barkono, da tafarnuwa, da gishiri, da ɗan irin nan mai ƙamshi da muke kira comino. An gama. Ba wai mun tsani wake ba ne. Da shi muke karya kumallo, da shi muke kwana, amma a kwanonsa daban, can gefe. Kada ka tambaye ni dalili. Duk wanda ya tambayi dalili ya riga ya nuna shi ba ɗan gari ba ne.

Lonnie ba ɗan gari ba ne. Daga Ohio ya zo, can arewa, inda ake dafa chili da wake har a juye shi a kan taliya, Allah ya shirye su. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, dogo ne mai yawan ba da haƙuri, ko ƙafarsa ka taka shi zai riga ka cewa yi haƙuri. Surukinsa Don Cleto kuwa tsohon direban bas ne, wanda ba ya gajiya da faɗin cewa kakarsa tana cikin matan da suka riƙa sayar da chili a dandalin gari. Lokacin da Lonnie yake ango ya so ya burge dangin amarya, ya dafa musu chili irin na uwarsa. Don Cleto ya leƙa tukunya, ya mayar da murfi a hankali, ya ce, "Wake da nama a ciki suke haɗuwa, ba a tukunya ba." Tun daga ranar bai ƙara sa komai a bakinsa a gidan ba sai kofi. Yau ga 'yar Lonnie, Yesenia, har ta shiga sakandare, tsohon bai daina kiran ubanta "ɗan arewa" ba.

Mataki na 2: Ka nemi dalilin da ya kai a yi ƙarya dominsa

Kada ka yaudari tsoho don kwaɗayi ko don ramuwa. Idonka zai tona maka asiri.

Dalilin Lonnie mai nauyi ne. Tun da matar Don Cleto ta rasu yake zaune shi kaɗai a tsohon gidansu. Bara da rani ya zame a matakalar ƙofa, ya kwanta cikin rana ya kasa tashi, sai da mai kai wasiƙu ya zo ya tarar da shi. Likita ya duba zuciyarsa ya ce nama da kitse a rage su da rabi. 'Yarsa Griselda, matar Lonnie, ta kwashe tarkacen ɗakin baya, ta sa gado, ta roƙe shi ya dawo wurinsu. Ya ce shi ba zai ƙare kwanansa a gidan da ake zuba wake a chili ba. Wanta da ke Houston kuma ya fara zancen gidan kula da tsofaffi. Griselda ta daina barcin kirki, duk wayar da ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi.

Da ƙyar tsohon ya yarda zai zo ranar Lahadi. "Ɗakin kawai zan gani," in ji shi. "Kuma a dafa chili. Na gaskiya."

Washegari Lonnie ya leƙo ta shingen da ke tsakaninmu, ina shanya.

"Doña Petra, ki taimake ni. In na ba shi nama zalla, Griselda za ta ce kashe mata uba zan yi. In kuma ya ga wake, shi da gidan nan har abada."

"Kai ɗin kana son ya dawo?" na tambaye shi. "Mutumin da ko sunanka bai iya faɗa ba?"

"Matata ba ta barci," ya ce. Ya ɗan sosa ƙeya. "Ni ma kuma ina son tsohon. Ban san me ya sa ba."

Idan dalilinka bai kai wannan ba, rufe littafin nan ka je ka sayo kaza.

Mataki na 3: Ka yi cefane inda ba a san ka ba

Nama da barkono ka saya a unguwa, kowa ya gani, ka ma tsaya ka yi hira da mahauci. Wake kuwa ka tsallaka gari. Mai kantin layinmu tare suka yi makaranta da Don Cleto, kuma bakinsa ba ya rufuwa.

Ka sayi busasshen wake mai ɗigo-ɗigo, pinto, wanda idan ya dahu yake narkewa. Kada ka kuskura ka ɗauko jan waken nan manya na gwangwani. Fatarsa kauri gare ta, ba ya jin lallashi.

Sau biyu na faɗa wa Lonnie haka, ya gyaɗa kai. Da ya isa kanti sai hannunsa ya tafi inda hannun uwarsa ya saba tafiya, ya dawo da gwangwanayen jan wake. Hali zanen dutse. Bai gaya mini ba, don ya san abin da zan ce.

Mataki na 4: Ka dafa rabin gaskiyar da zuciya ɗaya

Ƙarya ba ta tsayawa sai ta jingina da gaskiya, don haka naman nan ka ba shi haƙƙinsa. Cire wa barkono 'ya'ya da hanci, ka ɗan gasa shi a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi. In ya yi baƙi ya yi ɗaci, zubar ka sake. Jiƙa shi a ruwan zafi ya yi laushi, ka markaɗa da tafarnuwa da comino.

Nama ka yanka shi da wuƙa ƙanana-ƙanana, kada ka sayo niƙaƙƙe. Ƙananan yanka suna bazuwa a tukunya, rabi ya yi kamar cikakke. Soya shi kashi-kashi har ya yi ja, ka sa albasa, ka juye markaɗen barkono da romo, ka rage wuta. Daga nan ka ƙyale shi. Chili ba ya son a tsaya a kansa ana buɗe murfi, sai ya ga dama yake nuna.

A nan dole in yaba wa Lonnie. Ƙamshin da ya tsallako shinge ranar ya sa na bar abin da nake yi na tsaya.

Mataki na 5: Ka ɓatar da shaida

Dafa waken daban ya nuna, ka dame shi har ya zama kamar kunu, sannan ka tace shi da rariya. Na ce ka tace. Kowa ya san wake ɗaya ke ɓata gari. Bayan ka tace sai ka zuba a tukunya kaɗan-kaɗan kana juyawa, romon zai yi kauri ya yi sheƙi.

Kaurin nan yana buƙatar uba. Mu da garin masara muke kaurara chili, saboda haka ka bar jakar garin a buɗe kusa da murhu, ka ɗan barbaɗa a gaban rigarka. Ba ka faɗi ƙarya ba, ido ne ya gani ya yanke hukunci.

Lonnie ya barbaɗa gari har a gira. Gwangwanayen kuma ya tsallako ya jefa su a kwandon sharata, a nan na san abin da ya sayo. Amma rariya bai taɓa ta ba. Ya ji motar Griselda ta tsaya a ƙofa da tsohon a ciki, ya rikice, ya juye damammen wakensa gaba ɗaya ya rufe tukunya.

Mataki na 6: A kan tebur, ka tsuke bakinka

Mai gaskiya ba ya yawan bayani. Ka zuba, ka ajiye yankakkiyar albasa da cuku da gurasar masara mai zafi, ka zauna. Ka kuma gayyaci maƙwabciya mai mutunci ta cika wurin da hira. Ni aka gayyata.

Don Cleto ya shigo da hularsa da sandarsa, ya wuce ɗakin baya kai tsaye. Ya danna katifa da kan sanda ya ce ta yi laushi. Ya leƙa taga ya ce ba a ganin titi. Griselda tana bayansa tana cewa za a gyara, Baba, duk za a gyara. Sannan ya zo ya zauna, ya sunsuna kwano, ya kai cokali baki. 

"Comino ya ɗan yi yawa," ya ce.

A bakin Don Cleto wannan kirari ne. Ya cinye kwanon, ya goge da gurasa, ya tura wa Lonnie a ƙara masa. Griselda ta dube ni, idonta ya cika da hawaye don murna. Ni kuma na fara lissafin yadda zan ba da labarin a coci.

A kwano na biyu waken ya taso. Guda ɗaya, ja, ƙato, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Tsohon ya ɗago shi da cokali, ya lalubo tabarau a aljihu ya sa, ya duba shi sosai, sannan ya ajiye shi a kan tebur.

Mataki na 7: Idan asiri ya tonu, ka musanta

Ka ce daga wata tukunya ya faɗo. Ka ce mahauci ne. Ka ce ba ka taɓa ganinsa ba. Ni abin da na yi ke nan.

"Ikon Allah," na ce. "Wannan kuma daga ina?"

"Petra, ci abincinki," in ji Don Cleto, bai ko dube ni ba. "Ɗan arewa, mene ne wannan?"

Lonnie ya yi jajir har kunne. Na zungure shi da ƙafa ta ƙarƙashin tebur, amma wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

"Wake ne, Baba. Rabin tukunyar ma wake ne. Likita ya ce a rage maka nama, ni kuma gara ka yi ta jin haushina kana da rai. Ka yi haƙuri. Kada ka ƙi ɗakin saboda ni. Griselda ba ta da laifi."

Griselda ta sunkuyar da kai. Ta riga ta fid da rai, kowa ya ga haka. Tsohon ya juya wajen jikarsa da ke zaune tare da mu.

"Ke Yesenia, abin da ubanki yake ba ku ke nan?"

"A'a, Kaka. Namu ba ya damewa, ɗai-ɗai muke cin abinmu." Ta ɗan yi tunani. "Ran Juma'a ma a kan taliya yake zuba mana."

"Taliya," in ji Don Cleto. Ya cire tabarau ya rufe ido. "Kina kuma so?"

"Da daɗi ai."

Ya buɗe ido ya dubi 'yarsa. "Griselda, gobe ki zo da mota. A ɗauko kujerata da tukunyar ƙarfen uwarki."

"Baba?"

"Kada ki ce don na faɗi ne, kowa ma yana faɗuwa. Kada kuma ki ce kaɗaici ne ya kore ni. Ba zan mutu in bar jinina suna cin wake da taliya suna kiransa chili ba. Dole wani ya zauna a gidan nan ya sa ido."

Griselda ta tashi ta shige kicin, muna jin kukanta ta cikin ƙarar famfo. Ashe tun tuni tsohon yake son zuwa, hanyar da zai shigo da girmansa ce bai samu ba, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya tura kwanonsa gaban Lonnie.

"Ƙara min. Sai na san iyakar ɓarnar kafin in fara gyara."

Gargaɗi

Ni Petra shawara na bayar, ban riƙe maka ludayi ba. Idan ka bi matakan nan surukinka ya tare a gidanka, ya kafa kujera a bakin murhu yana nuna maka tukunya da sanda, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Haka Don Cleto yake yi wa Lonnie kowace Lahadi. Yanzu tsohon ɗan ƙaramin kwano na chili yake ci, da babban kwano na wake a gefe, daidai abin da likita ya ce. Kada ka tambaye ni me ya hana mu tunanin kwano biyu tun farko, ba ya cikin matakan.

Ba ruwana da ƙwannafi, ba ruwana da rigimar gida, ba ruwana da gwangwanin da aka gani a sharata. Shekaranjiya ma Lonnie ya sake leƙowa ta shinge, wai Griselda ta koma barci har da minshari, ko ina da dabara. Na ce masa wannan ba fannina ba ne, ya ƙyale baiwar Allah ta huta.