Mutum-mutumi Mai Kan Fanka

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Tsaya daga nan, kada ki shigo! Ya gida? Ina Gwaggo?"

A sunkuye Injiniya yake amsa gaisuwar, don ba shi da halin miƙewa. Mutum-mutumin da ya haɗa a shagonsa na gyaran kayan wuta ya damƙe masa bayan wando da hannunsa na filaya, ya ƙi saki. Shi da kansa ya kunna shi don gwaji, ya juya zai ɗauki sifana, sai ji ya yi an cafke shi kamar ɓarawon kasuwa. Cikin duk mutanen duniya kuma, wadda Allah ya kawo ta same shi a haka ita ce taubashiyarsa, 'yar gwaggonsa, tela, wadda yake kira Uwar Zare. Fankarta ta zo karɓa. Tun farkon zafi ta kawo ta gyara, shagonta ya koma tanda, masu kawo mata ɗinki sun fara tsallakawa wurin telan da ke kallonta don su sha iska.

Ta dafa ƙofa ta ƙyalƙyale da dariya.

"Allah na gode maka! Sarkin Ɓarna, yau kayan mutane sun yi maka bore?"

"Gwaji ne, ke ba ki san kimiyya ba. Zagaya ki danna jan makunnin nan na bayansa."

"Sai na ƙoshi da kallo."

"Uwar Zare, wandon zai yage!"

"Ya yage mana, ai ciniki ya samu."

Sai da ta yi dariya har da hawaye sannan ta danna. Filayar ta buɗe, Injiniya ya miƙe yana gyara tazuge kamar ba shi ba. Ita kuwa ta tsaya tana ƙare wa halittar kallo daga ƙasa: ƙafafu tayoyin baro, ciki gangar injin wanki, hannuwa bututun famfo. Da idonta ya kai sama, dariyar ta ɗauke cak.

"Injiniya, wannan kan nasa..."

"Kyakkyawa ko? Dubi yadda ya zauna!"

"Fankata ce!"

"A da fanka ce. Yanzu ta sami ƙarin girma. Gaishe da Garkuwar Duniya."

"Garkuwar gidanku! Kwance min kayata."

"Haba, ke ɗin zufa ce ta dame ki, ni 'yan Adam gaba ɗaya nake tunani. Zauna ki ji. Talabijin aka kawo min gyara, ina jona ta sai ga fim. Wani dodo ya taso daga cikin teku, ƙadangare ne, amma bene a gwiwarsa yake tsayawa. Ya taka gada ta karye kamar kara, ya ɗauki jirgin ƙasa yana tauna kamar rake! Kin san abin da mutanen suka yi? Gudu a miƙe a gabansa suna ihu. Ko mutum ɗaya bai yi tunanin shiga lungu ba! Na ce a'a, duniyar nan in ban tashi ba ta ƙare."

"To mun shiga uku. Mutumin da dutsen guga ya gagare shi ne zai cece mu."

"Saurari ilimi kyauta. Na farko, kada ki tura mutum yaƙi da dodo. Mutum yana jin yunwa, yana da iyali, yana cikin faɗa matarsa za ta kira shi ta ce gishiri ya ƙare. Wannan kuwa ba mata, ba suruka. Masu dogayen haƙoran nan da ke tsotse jinin mutane, su zo! Su kafa baki a wuyansa su kurɓi baƙin mai. Gawawwakin nan masu tafiya suna tangaɗi suna cizo, su ciji gangar injin wanki mu ga wanda zai koma gida da haƙori."

Ya sake danna makunni. Fankar ta ɗauka da ƙarfi, kan ya fara juyawa dama da hagu, iska ta ɗaga wa Uwar Zare mayafi. Ba ta san lokacin da ta matso ta tara fuska ba.

"Me ya sa yake girgiza kai?"

"Sintiri yake yi, yana neman abokan gaba."

"Ƙaryarka yake musantawa. Ko ƙarfe ya gaji da ji."

"Bar shi ya musanta. Ga babbar shawarar, ki riƙe ta da kyau: kada ki kuskura ki ba mutum-mutumi wayo. Duk fim ɗin da aka sa masa ƙwaƙwalwa, kafin a kai tsakiya shi ne yake komawa dodon, ya ce mutane sun yi yawa. Shi ya sa wannan ban sa masa ko ɗigo ba."

"Masha Allah, ya gado ubansa."

"Ke kuma da a fim kike, ke ce wadda za ta ji gurnani a ɗaki mai duhu ta ce bari in leƙa. Kafin a gama rubuta sunaye an cinye ki."

"Dodon da ya haɗiye ni sai ya kwana yana ba da haƙuri. To malamin yaƙi, ka ce daga teku yake fitowa. Wannan tarkacen naka in ya taɓa ruwa ba tsatsa zai yi ba?"

Injiniya ya yi turus. Bai yi wannan tunanin ba. Sai kuma fuskarsa ta washe, ya tafa hannu.

"Rigar ruwa! Ke za ki ɗinka masa! Kin ga amfanin zumunci? Kai, ga ma wadda ta fi: a aike ki ki auna dodon ki ɗinka masa wando. Irin wanda kika yi min, da na sa na kasa hawa babur. Yana sawa an gama yaƙi, ko taku ɗaya ba zai iya ba!"

"Wandon lafiyarsa ƙalau, tumbin ne ya ci gaba bayan awo."

Tana rufe baki sai ƙasan tebur ya yi motsi. Wani ƙaton ɓera, mai ƙiba kamar ya ci gado, ya fito daga bayan tsofaffin rediyoyi ya tsaya a tsakiyar shagon yana kaɗa gashin baki. Kafin ƙiftawar ido Injiniya yana kan tebur, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙasa.

"Dodo ya iso! Sauko ka cece mu!"

"Daga sama kwamanda yake ba da umarni! Tura Garkuwa, danna koren makunnin!"

Ta danna. Garkuwar Duniya ya yi ƙara, ya gangaro a kan tayoyinsa, hannuwa a buɗe, kai yana juyawa. Injiniya yana tsalle a kan tebur yana ihu: "Kama shi! Murƙushe shi, ɗan albarka!" Saura kaɗan ya kai ga ɓeran sai wayar da ke bayansa ta miƙe, ta ja, filogi ya fice daga soket. Fankar ta yi juyi biyu a gajiye ta tsaya. Ɓeran ya matso ya shinshina tayar, ya haye kanta ya zauna yana wanke fuska.

Uwar Zare ta cire silifa ɗaya ta jefa. Ɓeran ya arce ta ƙofa.

"To an ceci duniya," in ji ta. "Ashe tsaron naka iyakarsa inda waya ta tsaya. Sai mu roƙi dodanni su riƙa zuwa kusa da soket, kuma su bari sai an kawo wuta."

Injiniya ya so ya ce wani abu, dariya ta riga shi. Ya zauna a bakin tebur yana riƙe da ciki.

"Kin ci, 'yar gwaggo, kin ci. Miƙo min sifana."

Ya kwance kan, ya mayar da shi a kan sandar fankar, ya goge da hannun riga. Ya naɗe wata doguwar wayar jona wuta ya ɗora mata a kai, kyauta, don fankar ta kai har wurin keken ɗinki. Ta saɓa fanka a kafaɗa ta nufi ƙofa. Shi kuma ya dubi gangar da ta rage ba kai, ya girgiza nasa.

"Amma ki sani kin bar 'yan Adam ba mai tsaro. In dodon ya taso gobe, wa zai tare shi?"

Ko juyowa ba ta yi ba.

"A turo shi shagon nan a ce gyara ya zo. Kafin yamma ka jona kansa a jikin firij, wutsiyarsa a injin niƙa. Wallahi ko uwarsa ba za ta iya haɗa shi ba."