Gimbiya Ta Daina Jan Hagu

Duk wanda ya san wani abu game da mota a unguwar nan, a bakin Injiniya ya ji shi. Gaskiya ne bai taɓa riƙe sifana ba, aikinsa har ya yi ritaya buga hatimi ne a ofishin lasin. Amma mutumin da takardun mota dubu suka bi ta hannunsa, wa ya isa ya hana shi wannan suna? Yana da tsohuwar mota, sa'ar babbar 'yarsa, yana kiranta Gimbiya. In ya tayar da ita madubi na rawa, ƙofa na rawa, har haƙoran fasinja.

"Wannan ba jijjiga ba ce," in ji shi. "Ƙarfi ne ya yi mata yawa."

'Yar tasa ba ta kai ga wannan ilimi ba. Ta ce a kai Gimbiya garejin mijinta a gyara, Baba ya tuƙa a gabanta ta gani, in ba haka ba ta karɓe makulli. Maganar ta sosa ran Injiniya ƙwarai, don ya san in babu makullin nan, shi ma tsoho ne kawai a kan benci.

A gareji ya tsaya nesa da baƙin mai, hannu a baya, yana yi wa surukinsa lacca kan injinan da. Surukin ya shiga ƙarƙashin mota, ya fito yana goge hannu.

"Baba, robar da inji ke zaune a kai ta tsage. Ƙarfen da ke juya tayar gaba kuma ya lanƙwashe. Tun yaushe take jan hagu?"

"Jan hagu? A hannuna? Shekara ashirin ba ta taɓa kauce hanya ba! Amma canza. Da ma su nake shirin ce maka ka duba."

Kuma bai yi ƙarya ba, bawan Allah. Shekara ashirin mota na jan hagu, shi yana jan dama, har hannuwansa suka saba ba tare da sun sanar da shi ba.

Da hantsi aka fita gwaji a titin bayan gareji, surukin a gefensa, 'yar a baya. Inji ya tashi shiru, Injiniya ya zaci bai kama ba, ya sake murɗa makulli, mota ta yi ƙara kamar an taka kyanwa.

"Sitata nake gwadawa," ya ce.

Aka ɗau hanya. Gimbiya ta soma lallaɓawa dama.

"Baba, gefe," in ji surukin a hankali.

"Yaro, tun kana rarrafe nake tuƙi."

Bai rufe baki ba suka tsinci kansu cikin shingen furannin wani gida, ganye har cikin taga.

"Ka ɓata min sitiyari!"

Surukin ya zagayo kujerar direba. Ya karɓi mota, ya fito da ita, ya tuƙa da yatsa ɗaya, ta tafi ɗoɗar har ƙofar gareji. Can 'yar ta zare makulli ta jefa a jaka.

Injiniya ya daɗe yana kallon hannuwansa. Sannan ya ja surukinsa gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Wannan lanƙwasasshen ƙarfen da ka cire, ka yar da shi ne?"