Farantin Daktur

Ba zan taɓa mantawa da makon da na zama ɗan sandan ciki a gidan Daktur ba, a unguwar Zahir. Haris nake a gidan, wato mai gadi. Karatuna aji uku ne na firamare (na ukun ma rabi), amma idan ana maganar lura, a lokacin ban ga na biyuna ba a duk Makka.

Daktur ɗanmu ne, Bahaushe haihuwar nan. A majalisarsa, wato falon baƙi, yana da wani akwatin gilashi, tsawonsa ya kai gadon mutum, cike da ruwan gishiri da kifaye masu kalar da ko a atamfa ban gani ba. Can ƙasa kan yashi akwai wani abu kore mai zagaye, kamar farantin kofin shayi, da zane-zane daga tsakiya zuwa baki. Ya ce min murjani ne. Ni murjanin da na sani shi ne na wuyan mata, don haka na rubuta a raina: dutse.

Da Hajji ta zo aka tura shi aiki Mina. Ya ce min, da sunan da yake kirana, wato Baffa da Larabci, "Ya Amm, ka ba kifi abinci, ka ƙara ruwa zuwa layin nan. Kalas, shi ke nan. Kada kowa ya sa hannu ciki."

Washegari na tarar da farantin ya goce daga inda yake, kamar faɗin yatsu uku. Na san wurinsa sarai, gindin wani baƙin dutse. Amana ce, kuma iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannun mutumin nan take. Na naɗe hannun riga na mayar da shi (a fatawata, "kowa" bai haɗa da haris ba). Na ji santsi a jikinsa, na ce gansakuka ce.

Kwana na biyu ya sake gocewa. Mu biyu ne ke da makulli: ni da Idi direba, Badamagare (ni kuwa Bakano), wanda muka shekara shida muna cin abinci kwano ɗaya muna tsokanar juna. Na kira shi na ɗaure fuska.

"Idi, me kake nema a ruwan mutane?"

"Baba, ni da ko kifi ba na ci?"

"Kawo makullin."

Ya ɗauka wasan Kano da Damagaram ne, sai da ya ga ban yi dariya ba. Ya miƙo min, ya ce a hankali, "Kada ka ja min a yi min huruj, a kore ni daga ƙasar, 'ya'yana huɗu a gida." Ranar bai ci tare da ni ba.

Sai na ɗauko dabarar kakanni. Na barbaɗa garin alkama a kan tayil kewaye da akwatin, na kulle ƙofa. Da safe babu sawun kowa sai nawa na fita, faranti kuma ya yi gaba. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni cewa na yi lallai Idi yana da layar zana. Safiya bakwai ina mayar da shi, a ta ƙarshe har da tokare shi da tsakuwa.

Daktur ya dawo a gajiye, ya leƙa akwatin, fuskarsa ta canja. Gefen farantin ya yage, fari ya fito kamar ƙashi.

"Wa ya taɓa shi?"

Na gyara hula na gabatar da rahoto, da batun gari da batun laya, Idi yana tsaye a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Daktur ya yanko ɗan naman jatan lande, ya kama da dogon hantsaki, ya ɗora a kan farantin.

Jama'a, dutsen nan ya motsa. Wasu 'yan yatsu sirara suka riƙe naman, suna miƙa wa juna shi kamar masu dakon bulo, har tsakiya. Tsagar da na ɗauka ado ce ta buɗe. Baki ne. Ya haɗiye loma a hankali, ya rufe. Ban san lokacin da na durƙusa a kan tayil ba, ina ta Subhanallahi. Na kusa shekara saba'in, ina ganin na gama ganin halittar Allah, ashe ga wata tana cin abinci a ɗakin da nake sharewa.

Daktur ya nuna min hoton bidiyo a wayarsa, wanda aka sa wa sauri. Farantin yana shan ruwa ya kumbura kamar gurasa a tanderu, ya saki, ya muskuta gaba. Ba ƙafa, ba ido, amma ya san inda za shi.

"Wurin nan ruwan da famfon akwatin ke turowa yana dukansa, shi ne yake neman inda zai huta," in ji shi. "Tafiyar yini guda ce gare shi. Da an bar shi da ya isa. Wannan raunin na hannu ne. Wa yake dawo da shi?"

Na duba sama, na duba ƙasa, na ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Sau nawa, ya Amm?"

"Bakwai."

Idi ya ɗago kai. "Daktur, a yi masa afuwa. Bakano ne. Ko dutse ya gani zai yi gaba, sai ya tare shi ya tambayi izinin wa."

Na nemi gafarar Idi a gaban Daktur, da bakina, ba ta hannun ɗan aike ba. Ya yafe, bisa sharaɗin zai ba da labarin a unguwar Mansur, wurin mai tsire. Ya kuwa cika alkawari, har da ƙari.

Raunin ya ɗauki makonni kafin ya rufe, kullum ina zaune gaban gilashi ina masa sannu. Tun daga nan, idan na ga abu ya bar inda na ajiye shi, ba na saurin neman wanda zan kama. Nakan fara tambaya ko shi ma yana da rai da uzurinsa, sannan in duba hannuna ko a jiƙe yake.